Muryar Babanku a Babbar Sifika

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni ku biyu, ya kuma amshi ubanku a lokacin da ya so.

Ummi, Halifa, na san ban tsufa ba. Mutane kan jira sai furfura ta fito kafin su zauna rubuta abin da ya same su. Ni ba ni da wannan natsuwar. Babanku ya fita da safe da hularshi a karkace, ya ce in ajiye mashi tuwo, bai dawo ya ci ba. Tun daga ranar, ko tari ɗayanku ya yi sai gabana ya faɗi, ko kaina ne ya sara sai in fara tunanin wa zai gaya maku abubuwa yadda suke in ba ni. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku. Abin da ya zaunar da ni shi ne maganar da ke yawo a bakin dangi, har ke Ummi kin kawo mani ita rannan kina cin gyaɗa: wai Baffanku Malam Sani ne ya goge muryar ubanku don ya tsani sana'arshi. Ba haka aka yi ba. Ina wurin, kuma ni aka tambaya.

Sai na fara gaya maku ko wane ne babanku wajen sauti, in ba haka ba ba za ku gane abin da aka rasa ba. Kafin aurenmu ya yi zaman Kano, a gidan rawa na wani otal. Da ɗaukar sifiku ya fara, yana jan waya yana naɗewa, har ya zama shi ke sa kiɗa. Babana ya ce ba zai ba ɗan gidan rawa ɗiyarshi ba, shi kau ya tattara ya baro Kano ya dawo Kankiya da kwamfuta ɗaya, da sifiku biyu kowace ta kusa tsawon ƙofar ɗaki, ya koma DJ na biki da suna. Bai taɓa yi mani gorin abin da ya bari ba. Abin da kawai yake yawan ba ni labari shi ne mai gidan rawan nan, wani ƙaton mutum mai ɗingishi, da ke shigowa da rana tsaka lokacin da ba kowa, ya tsaya tsakiyar fili ya ce a sa mashi waƙoƙin da za a yi aiki da su ɗaya bayan ɗaya. In ya ji wadda ba ta yi mashi ba, ba ya magana, hannu kawai yake ɗagawa, a fitar da ita. Babanku ya ce wata guda ya yi yana ganin mutumin nan mahaukaci ne, don shi duk ɗaya yake jin su. Rannan sai kunnenshi ya buɗe, kuma bai sake rufewa ba.

Shi a wurinshi waƙa iri biyu ce. Akwai mai nauyi, wadda ta fito daga situdiyo yadda aka yi ta, ba a taɓa ta ba. Akwai matsattsiya, wadda masu tura waƙa na kasuwa ke rage ma nauyi don su cusa da yawa cikin ƙaramin memori, daga nan ta bi waya zuwa waya tana ƙara ramewa. Ta farkon yake kira kindirmo, ta biyun tsala. Ya ce kamar nonon da Fulanin Dudunni ke kawowa ne, daga nesa duk fari ne a ƙwarya, sai ka kai baki za ka san wanda aka kwashe ma mai.

Na ce mashi ni ban ga bambanci ba. Muna sabon aure lokacin, yana gwada kayanshi a tsakar gida da hantsi, janareta na ta ƙugi a bayan ɗaki.

"Zo nan," ya ce. "Kawo hannunki."

"Ni ina wanke-wanke."

"Kwanonin ba gudu za su yi ba. Kawo."

Ya ɗora tafin hannuna bisa fuskar sifikar, da kumfar sabulu da komai, ya ce in rufe ido. Ya sa wata waƙa. Na ji gangar ta shigo ta tafina, ta bi damtsena, ta zauna mani a ƙirji. Na ji mai waƙar yana jan numfashi kafin ya fara, kamar a gefen kunnena yake tsaye. Ya tsayar, ya sake sa ita wannan waƙar dai, amma wadda ya amso daga wayar wani yaro a tasha. Hannuna ya ji shiru. Gangar ta koma kamar ana ƙwanƙwasa gwangwanin madara, muryar ta hau sama ta tsaya can, kuma duk inda mai waƙar ya ce sa ko sha sai ka ji cuuu, kamar an yarfa ruwa cikin mai mai zafi.

"A waya fa duk ɗaya suke," na ce.

"Waya ai rufa ma waƙa asiri take, don ita ma ba ta da ƙarfin faɗin gaskiya. Wannan kau," ya daki gefen sifikar, "abin da kika ba ta shi za ta faɗa ma duk unguwa."

Saboda haka ya sha faɗa da ƙawayen amare. Yarinya ta zo da wayarta tana yauƙi, DJ sa mana wannan. Ya ce daga ina kika samo ta? Ta ce wajen mai turi na kasuwa. Ya ce ajiye abarki ki ji a ɗaki, in na sa ta nan kakar amarya sai ta toshe kunne da ɗankwali ta tsine mani. Har suna suka sa mashi, Malam Tsala, suna kiranshi da shi a hanya yana amsawa. Amma biki in na masu son a ji daɗi ne, daga Kankiya har Bauranya, shi ake nema. Yakan hau mota takanas ya tafi Kano ya amso waƙoƙi daga hannun waɗanda suka yi su, ya dawo yana murna kamar ya sayo sa.

Shi ba mawaƙi ba ne. Waƙa ɗaya tak ya taɓa yi a duniya, taki ce Ummi. A Mawashi na haihu, gidan kakarku Inna mahaifiyar babanku, aka kuma sa maki sunanta, shi ya sa muke ce maki Ummi. Ana saura kwana biyu suna ya zo da kwamfuta da makirfo, ya rataye barguna a bangon ɗakin Inna don kada sauti ya yi tsalle, ya cika babban baho da ruwa, ya kife ƙwarya a ciki, ya miƙa ma Inna ludayi.

"Kai yanzu ɗiyar fari za ka yi ma waƙa?" in ji Inna. "Ina kunyarka ta tafi? A Kano ka baro ta?"

"Inna, ai sunanki gare ta. Ke nake yi mawa."

"Ja'iri. Ni gero na bari a turmi."

Ta dai zauna ta kaɗa. Ina kwance bayan labule, kina gefena, ina jin su. Zakara ya ɓata masu ta farko, akuya ta ɓata ta biyu, Inna ta ce in aka sake sai dai ya kira akuyar ta kaɗa mashi. A kan wannan maganar ya danna na'ura, shi ya sa farkon waƙar akwai wata 'yar dariya tashi, ƙasa-ƙasa, sannan ya ja numfashi, sannan ya ce Ummi. Kalmomin ba wasu ba ne. Yana kiran sunanki, yana gaya maki gero ya nuna kin zo a sa'a, yana jera maki dangi ɗaya-ɗaya wai ki san su. Amma muryarshi mai kauri ce, daga ƙirji take fitowa, kamar mutum na magana cikin randa, ga ƙwaryar Inna tana dum, dum a ƙarƙashinta. Ranar suna da ya sa ta a manyan sifikun nan, matan da ke rabon waina sai da suka tsaya da faranti a hannu. Yaya Malam, wato Baffanku, wanda ba ya zama inda ake kiɗa, yana zaure bai shigo ba, amma bai tashi ya tafi ba.

Kina shekara huɗu, ina da cikin Halifa, mota ta buge babanku bisa babur a hanyar Katsina. Wannan ranar ba zan rubuta ta nan ba.

Bayan sadakar uku, da hantsi, Yaya Malam ya yi sallama a ƙofar ɗakin da nake takaba. Inna na zaune gefena. Bai shigo ba, ya tsuguna bakin ƙofa, da kwamfutar babanku a hannu da wata leda cike da memori. Idanunshi sun yi ja. Ku sani shi ya yi ma ƙanenshi wanka, shi ya sa shi a kabari da hannunshi.

"Maman Ummi, wata magana na zo da ita, in ba ki so ki ce ba ki so," ya ce. "Kin san yadda ake yi in mutum ya rasu ya bar irin waɗannan. Akan goge, don kada a yi ta kaɗawa ana rawa yana can kwance. Ban ce maki na san abin da ke tsakaninshi da Ubangijinshi ba, Allah Mai rahama ne. Ni dai so nake in rage mashi kaya, ba ni da abin da zan iya yi mashi yanzu sai wannan da addu'a."

Na ce to.

"Akwai abin da kike so a bari?"

Ku ji da kyau, ya tambaya. Inna ma ta juyo ta dube ni, na san kuma abin da take tunani, don ni ma shi nake tunani. Waƙar sunan tana bakina. Amma kwana uku na yi ba abin da nake gani sai ramin nan da ƙasar da aka tura, ina ta tunanin shi kaɗai a ciki, mutumin da ko zazzaɓi ya yi sai ya ce in zauna kusa. Sai na ji tsoro ya kama ni: in na bar guda ɗaya, ita ɗin ce fa za ta zame mashi nauyi? Don daɗin kunnena? Na tashi na ciro memorin da ke cikin wayata, wanda shi ya cika mani da hannunshi, waƙar na ciki mai nauyinta, na miƙa.

"A goge duka, Yaya Malam. Har wannan."

"Kin tabbata?"

"A goge."

Ya amsa da hannu biyu. To kun ji yadda aka yi. In da za a maida ni bakin ƙofar nan da irin tsoron da ke cikina ranar, abin da zan sake faɗi ke nan. Don shi na yi. Sai dai ban san tsadar abin ba sai daga baya.

Sifikun aka bar ma Shamsu, abokin aikin babanku da suke zuwa biki tare. Kwamfutar ta zauna wajen Yaya Malam yana aikin Islamiyya da ita. Na haifi Halifa, na fita takaba, na koma gidanmu Kusada. A nan na gane fuska ba ta ɓacewa, don ga hotuna, amma murya guduwa take. Ina tuka tuwo sai in ce bari in tuna yadda yake cewa "ina masu gidan" in ya shigo. Kalmomin su zo, muryar ta ƙi. Sai in ji tawa muryar ce ke faɗi cikin kaina. Abin ya riƙa tsorata ni fiye da yadda zan iya gaya ma kowa. Ga Halifa yana ta girma, an sa mashi sunan uban, yana da goshin uban, bai taɓa jin uban ya ce uffan ba.

Rannan Gwaggonku Bilki, ƙanwar babanku, ta kira ni take cewa ai ita tana da waƙar. Tun shekarar suna wata ƙawarta ta ari memorina ta kai ma mai turi na kasuwar Kankiya, daga can ta bazu. Na ce ta turo mani ko ta halin ƙaƙa. Ta rasa yadda za ta ciro ta daga tsohuwar wayarta, sai ta kunna ta, ta kara sabuwar a bakin tsohuwar, ta ɗauka kamar saƙon murya ta turo. Na buɗe ina tsaye bakin murhu. Da na ji ya ce Ummi, sai da na dafa bango. A 'yar wayata shi ne, wallahi shi ne. Na yi wata da watanni ina sa ta cikin ɗankwali kusa da kunne ina aiki. Na ɗauka Allah ya maido mani abin da na bayar. Duk abin da ya koya mani da hannuna bisa sifika, na ture shi gefe, don ba na son in sani.

Shekarar da Halifa ya fara haɗa magana aka yi bikin ƙanwata Zainabu a Kusada. Shamsu aka kira. Bayan la'asar na fito ƙofar gida na ga sifikun nan biyu a tsaye ƙarƙashin darbejiya, har da tabon da ke gefen ta hagu inda ta taɓa faɗowa daga mota. Na tsaya ina kallonsu kamar baƙin da na sani. Sai tunani ya zo mani: yau ɗana zai ji ubanshi yadda ya kamata a ji shi, a ƙirji. Na saɓa Halifa, na kama hannun Ummi, na ratsa 'yan mata na iske Shamsu.

"Shamsu, sa mani wannan."

Ya dubi wayar, ya dube ni. "Maman Ummi, daga ina kika samo ta?"

Tambayar babanku ce, har yadda yake karkata kai.

"Wajen Bilki."

"Ita kuma fa?"

"Kai dai sa mana."

"Don Allah ki bari in an watse in gwada maki a hankali. Abin nan ya bi hannu da yawa. Kin san halin kayan nan, ke ma marigayi ya nuna maki."

"Yanzu nake so. Ga yaron nan, bai taɓa ji ba."

Ya jona wayar. Ya ɗauki makirfo ya ce jama'a a ɗan saurara, za a ji muryar mai kayan nan, Allah ya jiƙanshi. Wuri ya yi tsit. Na matsa, na kama ɗan tafin Halifa na ɗora bisa fuskar sifikar, na ɗora nawa a kai.

Abin da ya fara fitowa shuuu ne, kamar ana zuba tsaba a buhu. 'Yar dariyar nan ta farko babu ita, ta narke cikin shuuu ɗin. Numfashin babu. Ƙwaryar Inna ta koma ƙwas, ƙwas, kamar yaro na dukan murfin tukunya da cokali. Sannan wata murya ta ce Ummi, siririya, ta hanci, mai kaifi, tana rawa kamar mai magana ta cikin bututu, duk inda ya ce sa sai ta tsaga kunne. A bayanta kuma ga wani abu da ban taɓa lura da shi a waya ba: tarin Bilki, da kukan ɗanta, da wata mata can nesa tana tambayar ina aka ajiye tsintsiya. Duk sifikar ta kwashe ta faɗa ma unguwa. Ƙarƙashin hannuna da na Halifa kuwa, ba abin da ya motsa.

Halifa ya fizge hannunshi ya fashe da kuka. Ke kuma Ummi kika toshe kunnuwa, kika ɗaga kai kika ce da ƙarfi:

"Umma, wannan ba Baba ba ne. Wane ne?"

Shamsu ya yi maza ya rage, ya sa wata waƙar amarya. Wata tsohuwa ta ce Allah ya jiƙan maza, 'yan mata suka koma rawarsu. Bilki kuwa, da hawaye shaɓe-shaɓe a fuska, ta ce yadda kowa zai ji:

"Ga aikin Malam nan! Ya goge mai kyan, ya bar mu da wannan!"

Daga bakin nan maganar ta tashi. Ban tanka ba, don in na buɗe baki ranar ba magana ce za ta fito ba. Gwaggonku ba muguwa ba ce, ɗan'uwanta take kewa, kuma ba ta bakin ƙofar lokacin da aka tambaye ni.

Abin da ya fi ci mani rai, bayan bikin ko a wayar ma na daina jin shi kamar da. Kunnena ya buɗe irin buɗewar da ya ce ba ta rufewa. Na je wajen Shamsu na ce ya gyara, ai akwai maɓallan ƙara nauyi. Ya gwada a gabana, ya murɗa wannan ya murɗa wancan, sai ƙugi kawai ke ƙaruwa. Ya ce Maman Ummi, maɓalli abin da ke akwai yake ƙarawa, abin da aka zubar a hanya ba shi da inda zai ɗebo shi. Na je kasuwar Kankiya wajen mai turin, da goyo, cikin rana. Ya bincika ya samo tashi, ta fi tawa ɗan dama-dama don babu tarin Bilki, amma ita ma tsala ce, shi da kanshi ya matse ta tun ranar da aka kawo mashi. Ya ce Hajiya ai kowa haka yake so, mai nauyi cinye waje take. Na bi duk wanda aka ce ya halarci sunan. Kowa tashi daga wajen mai turin ta fito. Mai nauyin guda biyu ce a duniya, ta kwamfuta da ta memorina, kuma ni na miƙa su.

Da kaka na kai ku Mawashi ku gaida Inna. Muna zaune tana ɓarar wake, na ba ta labarin yawon da na sha.

"Shi ma ya sha nashi yawon," ta ce.

"Wa?"

"Malam. Washegarin bikin nan da labari ya iske shi, ya naɗe kwamfutar a darduma ya hau mota ya tafi Katsina wajen masu gyara. Aka tura shi wani wurin, ya je. Suka ce an riga an zuba wasu abubuwa bisa wurin, ba ta tonuwa. Ya dawo bai ci abinci ba. Ya ce kada in gaya maki, kada ki sa rai a banza, kada kuma ki ga kamar yana neman a wanke shi."

Na ce Inna, ni ba don kaina ba, yaron nan ne. Zai tashi yana zaton ubanshi ta hanci yake magana.

Inna ta watsa ɓawon wake gefe. "Muryar tana nan gidan, ke ce ba ki saurara. Ni na haife su, ƙirjinsu ɗaya. Ke dai muryar makaranta kika sani, da ta gaisuwar bakin ƙofa. Tashi ki je bayan danga ki ɗebo mani kara."

Na tashi ban gane ba. Bayan dangar nan ne turken shanun huɗar Yaya Malam. Ina duƙe ina tattara kara sai na ji shi, bai san da mutum ba, yana lallashin bijiminshi da ya ƙi matsawa.

"Haba Ɗan Baƙi, matsa mana. Kai kullum sai an roƙe ka kamar surukin gari?"

Sai ya yi dariya, ƙasa-ƙasa, ya ja numfashi.

Karan ya zube daga hannuna. Na zauna a ƙasa, wurin, cikin ƙaiƙayi. Ba babanku ba ne, kada ku ce na ce shi ne. Babanku ya fi shi saurin magana, ya fi shi wasa. Amma kaurin nan, abin nan da ke zama a ƙirji, wanda aka matse aka zubar tsakanin kasuwar Kankiya da wayar Bilki, ga shi nan bayan danga ana yi ma sa magana da shi.

Da ya shigo shan ruwa na gaishe shi, na ɗauko Halifa na miƙa mashi. Ya yi mamaki, don shi ba mai ɗaukar yara ba ne, kai yake dafa masu ya sa albarka.

"Yaya Malam, wata alfarma nake roƙo."

"Faɗi, Maman Ummi. In waƙar ce, Allah ya sani na..."

"Ba waƙa ba. Ka riƙa ɗaukar shi kana magana. Ba irin ta makaranta ba. Irin wadda kake yi ma Ɗan Baƙi."

Ya dube ni, ya dubi Inna, Inna ta ci gaba da ɓarar wakenta kamar ba ta wurin.

"Mi zan ce mashi?"

"Ko mi. Ko labarin shanu."

Ya juya fuska wajen bango, ya daɗe a haka. Sannan ya gyara ma Halifa zama, ya kwantar da kanshi bisa ƙirjinshi, ya fita da shi wajen turke. Ina jin shi yana cewa, kai Halifa, ka ga wancan mai taurin kan? Halin ubanka gare shi. Kai kuma Halifa, da ba ka yarda da kowa, ka yi lamo, kunnenka manne da rigarshi. Ummi ta bi ku a guje. Da kuka dawo, ke Ummi kika ce mani, Umma, in Baffa na magana cikinshi rawa yake.

To wannan shi ne Baffan da ake ce maku ya tsani ubanku. In kun girma kuna son jin babanku, waƙar tana nan, na sa an ajiye ta wuri uku don tsoro. Ku kunna ta a ƙaramar waya, a hankali, kada ku ƙara murya, kada kuma wani ya ruɗe ku ku kai ta babbar sifika. Nan za ku samu kalmominshi da yadda yake jan sunan Ummi. Sauran kuma ku je Mawashi ku gaida Baffanku, ku ja shi da hira har ya manta shi malami ne, ku matsa kusa.

Ku kuna da wannan damar, ku yi amfani da ita tun yana raye. Ni matar ƙanenshi ce, tsakanina da shi gaisuwa ce daga bakin ƙofa, haka kuma ya dace. In mun je, nakan ce ma Inna bari in ɗebo maki kara, ita kuma ba ta taɓa ce mani akwai kara a ɗaki ba. Sai in tsaya bayan danga, ku kuna can ciki kuna dariya da shi, in ɗora tafin hannuna bisa ƙirjina, in rufe ido.